Musayar Waƙa: Zogale a Kwalba, Kuka a Leda

Malamin Gona Mai Ritaya, Ƙofar Sauri, Katsina

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Ranar Asabar da ta wuce jikata ta dawo hutu daga makaranta da wata 'yar leda mai ɗauke da ƙwaya baƙa-baƙa wadda ba ta kai riɗi girma ba, ta ce mini ita ce abincin masu kula da lafiyarsu a yanzu, kuma da na tambayi kuɗinta sai na ga zai sayi tiyar gero har a ba da canji. Na jiƙa cokali ɗaya don in gani da idona, daga nan kuma na ɗauki alƙalami. Ga abin da ya samu, a ƙwar biyu.

Da sunan Allah nake fara zance,
Wanda ya ba mu ci da sha da lafiya.

Salati ga Manzo da alayensa,
Da sahabbansa masu riƙon gaskiya.

Wani yayi ne ya shigo garinmu,
Ya biyo ta waya ya faɗa cikin miya.

An ce wai tuwo nauyi gare shi,
Fura kuma an ce abincin jiya.

An kawo ƙwaya 'yar asalin Meziko,
Ana jiƙa ta, ana kiran ta ciya.

Na sa ta a kofi na ba ta minti goma,
Ta yi yauƙin ƙwan kwaɗo a gefen rijiya.

Na ɗanɗana ban ji zaƙi ko garɗi ba,
Ga tsada kamar an auno ta da dukiya.

Akwai kinuwa, tsabar ƙasar Feru,
Da tuddan nan na ƙasar Bolibiya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta,
A 2013 ta ba ta shekara ɗaya.

Bayan shekara goma, a 2023,
Gero ya samu tasa bisa roƙon Indiya.

To in gero ya kai a yi masa shekara,
Don me za mu raina shi a cikin ƙwarya?

Shekara talatin ina aikin gona,
Daga Dutsin-ma har fadamun Jibiya.

Ban ga manomin da ya san kinuwa ba,
Amma da fura yake huɗa tun da safiya.

Turai ta amince da garin 'ya'yan kuka,
A 2008 ta buɗe masa hanya.

An sa shi a leda, an buga masa hoto,
Ya dawo yana mana tsada ba kunya.

Zogalen da ke shinge a gidan kowa,
Wanda muke karewa daga bakin akuya,

Yau shi ne a kwalba kamar ƙwayar asibiti,
Ana haɗiyarsa da ruwa, ba a miya.

Ni a ganina suna ake saye,
Da kwali mai ƙyalli da zaƙin murya.

Wanda ya ga ba haka ba, to ga fili,
Ya amsa da waƙa, ban hana jayayya.

Ɗiyar Kusugu, Daura

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ina cikin masu ƙulla irin kayan nan suna tallarsu a WhatsApp, garin zogale da garin kuka da ciya da kinuwa, saboda haka tsinin alƙalaminka ni ya fara samu, kuma idan na yi shiru za a ɗauka na amsa laifi. Ina neman izini in amsa a ƙwar huɗu.

Baba, na durƙusa na gaishe ka,
Na karanta dukkan baitocinka,
Ba ni da niyyar in ƙaryata ka,
Sai dai in yi gyara bisa neman afuwa.

Manomin da ka ce yana shan fura,
Yana bin garmar shanu a karkara,
Kafin azahar ba ta bar saura,
Mu ko a kujera muke yini ba motsawa.

Abincinmu na yau ba irin naku ba ne,
Farar shinkafa da lemon kwalba ne,
Taliyar leda da burodi ne,
Da mai da sukari da garin fulawa.

Hawan jini ya zama ruwan dare,
Ciwon suga ya zo ya tare,
In yarinya ta tashi ta kare
Jikinta da ganye, ta cancanci yabawa.

Sannan batun baƙo da ɗan gida,
Ka tuna da masara da rogo da gyaɗa,
Da tumatirin da kullum ake markaɗa,
Daga nahiyar Amurka aka kawo wa Hausawa.

Shi kansa zogalen da kake yabo,
Daga Indiya ya zo mana da rabo,
Ya daɗe har ya zama abin sabo,
Wata rana haka za a ce da kinuwa.

Kuma yayin nan ya yi mana rana,
'Yan matan da ke raina kayan gona,
Da suka ji Turawa na kiran suna,
Sun koma cin zogale da rama da yakuwa.

Ganyen da nake ƙullawa a leda,
Ni ke wanke shi da hannuna a gida,
Wannan wahalar ce ta sa shi tsada,
Ba a titi nake shanya ba, sai a inuwa.

Mata huɗu ke kawo mini ganye,
Ina biyan su tun yana ɗanye,
In ka ce mu tattara mu janye,
Da me za su je cefane a kasuwa?

Bafataken Zoɓo, Mai'aduwa

Malam da ƙanwata, ku ɗan matsa wa ɗan kasuwa ya tsoma baki, ko da yake ni lissafin buhu na fi ƙwarewa a kai fiye da lissafin baiti.

Ni fataucin zoɓo ne sana'ata,
Ina auna shi in loda a mota.

Daga Mai'aduwa har Maigatari,
Buhu-buhu yake barin ƙasata.

In ka tambayi inda jirgi zai kai shi,
Meziko ce babbar mai buƙata.

Can ma jiƙa shi suke su sha da ƙanƙara,
Kamar yadda ake yi a unguwata.

Ashe mu aika musu da jan fure,
Ciyarsu ta zo ta cinye ribata.

Su na ɗokin namu, mu na ɗokin nasu,
Ni dai kada Allah ya tsinke hanyata.

Ma'aikaciyar Jinya, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Na so in karanta in wuce, domin aikin dare nake, amma akwai abin da ban ga an taɓa ba a duk baitocin da suka gabata, kuma shi ne abin da ke isowa gadajenmu bayan mai talla ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Ku yi haƙuri idan na tsawaita.

Baba Malam da ƙanwata ta Daura,
Ku ba ni aron kunne ku ji ni.

Kowannenku ya riƙe gefen tabarma,
Kun bar tsakiya babu bayani.

Ciya abinci ce, zogale abinci ne,
Ɓarnar na wajen kiran su magani.

Ganyen zogale na da sinadarin ƙarfe,
Da bitamin A mai taimakon gani.

'Ya'yan kuka na da bitamin C,
Har sun fi lemo in an bi ma'auni.

Amma ɗan cokalin gari a kan shayi
Bai kai kwanon kwaɗo ba wajen amfani.

Wani dattijo aka kawo mana bara,
A sume, jikinsa duk ya yi rauni.

Shekara shida yana shan ƙwayar suga,
Yana zuwa awo, yana cikin sukuni.

Sai ya ji wani mai talla a waya,
Yana rantsuwa har da jawo addini,

Wai garinsa na wanke ciki da hanta,
Ya kori suga, ya sauke hawan jini.

Ya ajiye ƙwaya, ya kama gari da zuma,
Ya ce ya huta da likitan zamani.

Zuma ni'ima ce, haka ma dabino,
Amma mai suga sai ya ci da tunani.

Kwana tara ya yi a kan gadonmu,
Kuɗin jinya ya cinye noman rani.

Batun wankin ciki kuwa, ku saurara,
Hanta da ƙoda ke yin sa dare da yini.

Shayin rage ƙiba da ake rububi,
Sau da yawa filasko ne da rigar birni.

Ruwan jiki yake fitarwa, kitse na zaune,
Ki hau sikeli ki yi murnar rashin sani.

Na ga ledar gero an rubuta ba gulutan,
Alhali gero bai da shi tun ƙarni da ƙarni.

Sinadari ne a alkama, kuma in ba mai cutarsa ba,
Babu wanda likita ya yi wa hani.

Ku zo ɗakin yara ku ga tamowa,
Tsakiyar damina, lokacin tsanani.

Hannun yaro kamar sillen kara,
Tef ɗin awo ya tsaya a jan launi.

Abin da muke ba su a leda su tashi,
Gyaɗa ce da madara da mai, ba wani.

An ƙara mata sukari da su bitamin,
Yaro ya tsotsa, uwa ta samu sukuni.

A Maraɗi aka ga aikinta a 2005,
Shekarar da yunwa ta yi wa Nijar muni.

A gida kuma gero da gyaɗa da waken suya,
A soya, a niƙa, a dama wa ɗan ƙanƙani.

Wannan ba ya da hoto, ba ya da mai talla,
Shi ya sa ba a yayinsa a birni.

Ƙanwata, sana'arki halas ce,
Ki rubuta abinci, kar ki rubuta magani.

Ki nemi lambar NAFDAC a kan kayanki,
Don mai saye ya samu abin lamuni.

Baba kuma, furar da kake wa kirari,
Da cokalin sukari uku, ba ta burge ni.

Malamin Gona Mai Ritaya, Ƙofar Sauri, Katsina

Malamin gona ba zai yi musun tarihin iri ba, domin shi ya ci da shi shekara talatin, saboda haka na karɓi gyaran ɗiyata ta Daura a kan masara da gyaɗa. Sai dai akwai wani bambanci tsakanin baƙin da ta lissafa da baƙin yanzu, wanda ban ga ta ambata ba.

Ɗiyata, kin kama ni a kan masara,
Na sallama, ba na musu da gaskiya.

Amma masara da ta zo, shuka ta muka yi,
Ta zauna a Funtuwa ta cika tukunya.

Baƙo na zama ɗan gida ne a wurina
Ran da ya yarda ya sha fartanya.

Wanda ke zaune a kanti yana jiran dala,
Har gobe baƙo ne, ko ya shekara ɗari da ɗaya.

Acca ga ta a Filato da kudancin Kaduna,
Ba sai an yi canji ba kafin a saya.

Ki kawo irin kinuwa in gwada a fadama,
In ta yi tsaba, na bar jayayya.

Malama, batun sukari a furata,
Ina zargin kin yi waya da Hajiya.

Na rage shi zuwa ɗaya daga daren yau,
In na kasa, na yarda a yi mini dariya.

Rabin ciyar jikata na yafa a kwami,
Kusa da zogale, ina ban ruwa da safiya.

Ɗiyar Kusugu, Daura

Baitocin Yaya mai jinya sun sa na tashi na kunna fitila na ɗauko ledojin da na ƙulla jiya, na karanta takardar da na manna musu ɗaya bayan ɗaya.

Yaya, na duba takardar kan leda,
Wadda na tsara da hannuna a gida,
"Maganin suga" na sa don a yarda da tsada,
Daren nan na zauna ina ɓanɓarewa.

Baba, irin kinuwa zan aiko,
Ranar Laraba a motar farko,
Ka tura jikarka tasha ta ɗauko,
In ya yi tsaba, rabi nawa ne wajen rabawa.