Matasanmu sun iya jagorantar taro, amma girma cikin ruhu fa?

Tambaya daga mai kula da matasa

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Shekara biyu ke nan da dattawan ikilisiyarmu suka ɗora mini nauyin kula da zumuntar matasa, waɗanda shekarunsu suka kama daga 13 zuwa 18, kuma yawansu yakan kai talatin idan makarantu suna hutu. Da na karɓi aikin na bi tsarin da na tarar, aka yi zaɓe, aka fitar da shugaba, mataimakiya, marubuci, ma'aji da mai jagorar waƙa. Wanda aka zaɓa shugaba yana da shekara 17, kuma Allah ya ba shi baki, don idan ya tashi yin addu'a har manya sukan amsa amin da ƙarfi.

A watan da ya wuce, muna cikin nazari, na ce masa ya buɗe mana wasiƙar Filibiyawa, wadda take cikin Sabon Alkawari. Ya yi ta juya shafuka a cikin Tsohon Alkawari, har wata yarinya 'yar shekara 14, wadda kullum ita ce take riga kowa zuwa ta share ɗaki ta jera benci, ta miƙa masa nata a buɗe ba tare da ta ɗaga kai ba. Bayan an tashi ya faɗa mini gaskiya cewa ba ya karanta Littafi Mai Tsarki a gida, kuma kalmomin addu'arsa ya tsince su ne a bakin masu wa'azi. Ban ga laifinsa ba kamar yadda na ga nawa, domin na shekara biyu ina koya masa yadda ake tsara taro, ban taɓa tambayarsa yadda yake da Allah ba. Shin in sauke shi ne? Kuma ta yaya ake rainon matashi ya zama shugaba ba tare da muƙamin ya riga ruhunsa girma ba?

Amsa daga wani fasto mai ritaya

Ɗana, kada ka sauke shi. Yaron da ya iya duban idonka ya faɗi abin kunya game da kansa ya riga ya nuna maka abin da za ka gina a kai, kuma idan ka hukunta shi saboda gaskiyar da ya faɗa, sauran za su koyi cewa ɓoyewa ta fi riba.

Ka duba Markus 3:14. Sa'ad da Ubangiji ya naɗa manzanninsa goma sha biyu, dalili na farko da aka ba da shi ne domin su kasance tare da shi, aikensu wa'azi kuma ya biyo baya. Mu kan juya wannan tsari, mu aiki yaro tun ba mu zauna da shi ba. Haka Joshuwa, kafin ya ja Isra'ila ya haye Urdun, Fitowa 33:11 ta nuna shi saurayi ne mai yi wa Musa hidima, wanda ba ya rabuwa da alfarwa ko Musa ya koma zango. Amma wanda na fi so ka karanta da matasanka shi ne Yosiya sarkin Yahuza, a 2 Tarihi 34, domin shekarunsa daidai suke da nasu. Ya hau sarauta yana da shekara 8. A shekara ta takwas ta mulkinsa, wato yana ɗan 16, ya fara neman Allah na kakansa Dawuda. Sai a shekara ta goma sha biyu, yana ɗan 20, ya fara rushe bagadan gumaka, aka kuma sami littafin Shari'a a Haikali a shekara ta goma sha takwas. Muƙami ya same shi tun yana yaro, kamar yaron nan naka, amma shekara huɗu ya yi yana nema kafin hannunsa ya taɓa gyaran ƙasa.

Shawarata ita ce ka ware lokaci sau ɗaya a mako da shugabannin nan biyar, wanda ba a maganar shirin taro a cikinsa ko kaɗan. Ku ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ku karanta sura ɗaya a mako, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya gagare shi, kai ma ka faɗi naka. Cikin wata huɗu za ku gama, kuma za ka san kowannensu fiye da yadda shekara biyu ta tarurruka ta sanar da kai.

Amsa daga wani tsohon hafsan Birged

Ina goyon bayan Baba Fasto, amma ina ganin matsalar ta faro ne tun daga zaɓen. Matasa idan aka ba su ƙuri'a, mai farin jini suke zaɓa, kuma ba laifinsu ba ne. A Birged na yara maza, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 don yaran makarantar Lahadi da suka fara fin ƙarfin malamansu, yaro ba ya tsallake matsayi. Ana fara ba shi 'yan yara kaɗan ya san sunayensu, ya lura da wanda bai zo ba, ya nemi dalili, kuma sai an ga amincinsa a wannan ake ƙara masa. Kuna iya yin haka ba tare da kaki ko fareti ba. Ka raba talatin ɗin gida biyar ko shida, kowane gida da babba ɗaya da mataimaki, ka kuma riƙa juya ayyuka, yadda mai jagorar addu'a zai ɗauki tsintsiya wata rana, mai tsintsiya kuma ta karanta nassi a gaban jama'a. Yarinyar da ka ambata ta riga ta fara shugabanci, ku ne ba ku sa wa abin da take yi suna ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, mutum bakwai ɗin da aka zaɓa don rabon abinci an nemi su zama masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, kuma daga cikinsu Istifanas da Filibus suka fito.

Amsa daga wata uwa, malamar makarantar Lahadi

Ƙanena, ina neman izinin iyayena in ɗan bambanta da su a wuri ɗaya. Ina tsoron kada ka karanta waɗannan amsoshi ka koma gefe guda, ka ce ba wanda zai riƙe komai sai ya nuna. Na ga hakan da idona. Muna da wani yaro mai ƙwazo wanda ya manta da shirin taron da aka ba shi, mutane suka taru ba mai jagora, manya kuma suka yanke cewa ba za a ƙara ba shi aiki ba sai ya girma. Ya ci gaba da zuwa yana zama a bencin baya, daga nan ya koma zuwa sau ɗaya a wata, daga nan muka daina ganinsa. Har yau ina jin zafin shirun da na yi a ranar.

Gaskiya ne 1 Timoti 3:6 ta hana a ɗora sabon tuba a kan aikin kula da ikilisiya, don kada girman kai ya kama shi, amma a wasiƙar nan ɗaya Bulus ya ce wa Timoti kada ya yarda kowa ya raina ƙuruciyarsa, sai dai ya zama gurbi cikin magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarki. Ku tuna da Yohanna Markus kuma, wanda ya rabu da Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima, har gardama a kansa ta raba manyan biyu. Barnaba ya ɗauke shi suka tafi Kubrus, kuma a 2 Timoti 4:11 Bulus da kansa ya roƙi a zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Matashi yana girma ne cikin aikin, muddin akwai babba a kusa da zai zauna da shi bayan ya yi kuskure.

Abu biyu kuma daga gefen iyaye. Ka je ka gaida iyayen shugabannin nan, ka ji yadda suke a gida, domin bangaskiyar Timoti a wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta fara zama, kuma yaron da yake raina uwarsa da safe bai isa ya gargaɗi tsaransa da yamma ba. Na biyu, tunda za ka fara zama da su a keɓe, kada ka zauna da ɗaya kai kaɗai a rufaffen ɗaki, ka nemi mace mai tsoron Allah ta riƙe 'yan matan, iyaye su san lokaci da wuri, kuma saƙonnin waya su kasance a zauren da kowa yake gani. Wannan kariya ce gare su da kai. Idan lokacin jarrabawa ya zo ka rage musu nauyi, kada su ga kamar karatunsu yana gāba da hidimar Allah.

Mai tambaya ya dawo

Na gode, Baba, na gode, Mama, da kai ɗan'uwana. Jiya na zauna da yaron a barandar majami'a, na faɗa masa ba zan sauke shi ba, na kuma nemi gafararsa don ban kula da shi yadda ya kamata ba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko zai iya kawo ƙanensa wurin karatun Markus. Za mu fara ranar Asabar, matar ɗaya daga cikin dattawanmu kuma ta yarda ta zauna da mu. Maganar raba su gida gida zan kai ta gaban dattawa tukuna, domin zaɓen yana cikin tsarin da suka amince da shi. Yarinyar kuwa, na roƙe ta ta karanta nassi a taron mako mai zuwa, ta ce tana jin tsoro, amma za ta gwada idan aka ba ta ayoyin tun yau ta yi ta bitarsu a gida.