Musayar Waƙa a kan Birnin Antakiya

Baban Rahila: Salama gare ku. Tun girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya a 2023 birnin nan bai bar raina ba. Ga ƙwar biyu, amsa-amon "ya". Mai iyawa ya kama.

Da sunan Allah zan fara,
In waƙe birnin Antakiya.

Sarki Salukus shi ya kafa shi,
Sunan ubansa ya sa, ku jiya.

Shekara 300 ke nan
Kafin Almasihu ya zo duniya.

Dutse a baya yana gadi,
Kogin Asi a gaba yana tafiya.

A daular Rum shi ne na uku,
Daga Rum sai Iskandariya.

Babban titi ginshiƙai jere,
Da dare fitilu kamar safiya.

'Yar Wusasa: Baba, ka gina gari ka bar shi ba kowa. Bari in shigo da mutanensa.

Ranar da aka jefe Istifanas,
Masu bi suka bar Urushalima,
Wasu nan suka yada zango,
Suna wa'azi ba wariya.

Barnaba ya ga girbi ya fi ƙarfinsa,
Ya je Tarsus ya ɗauko Shawulu, wato Bulus,
A nan aka fara cewa "Kirista",
Sunan da nake amsawa a Zariya.

Annabi Agabus ya ce yunwa na tafe,
Kowa ya kwance bakin jakarsa,
Mai yawa da mai kaɗan suka tara,
Aka kai wa 'yan'uwa a Yahudiya.

Abin da ya fi taɓa zuciyata,
Bitrus na ci da waɗanda ba Yahudu ba,
Hannunsa da nasu ba ƙyama,
Suna tsoma shi a ƙwarya ɗaya.

Baƙi suka zo daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu,
Sai ya ji nauyi ya janye hannu,
Bulus ya tsaya a gaban jama'a,
Ido da ido ya faɗa masa gaskiya.

Ɗan Kusfa: Yaya, sannu da ƙoƙari, baitin ƙwaryar nan ya ratsa ni. Mu ma muna da rabo a garin. Masu tafsiri da yawa sun ce shi ne birnin da ke cikin Suratu Yasin, ko da yake akwai malaman da ba su yarda da hakan ba.

Manzanni biyu aka aiko,
Mutanen gari suka ce ƙarya.

Aka ƙarfafa su da na ukunsu,
Suka ce za mu jefe ku gaba ɗaya.

Daga ƙarshen birni wani ya sheƙo,
Yana ku bi su, suna kan shiriya.

Ba su nemi lada gare ku ba,
Suka kashe shi don wannan gaskiya.

Habibu Najjar ake ce masa,
Masassaƙi mai tsarkin zuciya.

Masallaci na nan da sunansa,
Dutsen garin ma ya ci sunansa, Yaya.

Baban Rahila: Madalla, Malam. To ga ɗacin labarin.

Ignatiyus, bishop na garin,
An ɗaure shi an kai Rum ta Italiya.

Wasiƙu bakwai ya rubuta a hanya,
Namun daji suka cinye shi a tsakiya.

A 526 ƙasa ta girgiza,
Wuta ta biyo ta ba sassauciya.

Gari cike da baƙin idi,
Dubu 250 aka ce sun bar duniya.

A 540 Kisra ya ƙone shi,
Ya kora jama'a Farisa a kan hanya.

Ɗan Kusfa:

Zamanin Umar, Abu Ubaida ya shiga,
Aka yi sulhu a kan jiziya.

A 1098 'yan Salibi suka karɓe,
Bayan dogon ƙawanya.

A 1268 Baibars na Masar ya rushe shi,
Birnin sarakuna ya zama alƙarya.

'Yar Wusasa: Ku bar mini na jiya-jiya, don hotunan har yanzu suna idona.

Shida ga Fabrairu kafin asuba,
Ana ruwa, ana sanyi, ana barci,
Ƙarfe huɗu da minti 17,
Benaye suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙubbar masallacin Habibu ta rufta,
Cocin Otodoks ta zama tsibin duwatsu,
Malam, naku da namu a dare guda,
Ƙurarsu ta haɗu a sararin samaniya.

Kogon da ake kira cocin Bitrus
Yana jikin dutse bai faɗi ba,
A ƙasa masu tono na cewa a yi shiru,
Ko za a ji numfashin yarinya.

Ɗan Kusfa: Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Yaya, baitinki na ƙarshe ba ni da amsarsa yau.