Muhawara: Shin Fedar Eko ta Analog ce Kaɗai ta Dace da Jitar Biki?

Lawali: Assalamu alaikum, 'yan'uwa makaɗa. Zan ajiye wata magana a gabanku, wanda ya ga kuskure a cikinta ya gyara mini. Mako biyu ke nan da na sayo fedar eko a Kano, wato ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa yana maimaita sautin jita kamar amsa-kuwwa, an rubuta analog ɓaro-ɓaro a fuskarta, na kuma gwada ta a bikin da muka yi a Bagalam daren Asabar. Abin da kunnena ya ji ya sa na yanke hukunci cewa duk mai kaɗa jitar lantarki da yake son kayansa su yi murya, to ya rabu da eko na dijital, domin na analog ya fi shi ta kowace fuska. Amsar da analog ke mayarwa tana da taushi, tana dusashewa sannu a hankali kamar kiran da aka yi daga ƙetaren gulbi, alhali ta dijital maimaici ne tsagwaronsa, mai kaifi, wanda yake yi wa mai kiɗa katsalandan a tsakiyar jimla.

Maman Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ban musa maka daɗin da ka ji ba, amma kalmar "ta kowace fuska" ta yi nauyi, kuma lissafi kaɗan zai nuna maka haka. Idan mai ganga yana tafiya da bugu 120 a minti ɗaya, tsakanin bugu da bugu akwai milisakan 500, wato rabin daƙiƙa. Salon da muke yi a ƙarshen waƙa, inda amsar ke faɗowa a kashi uku cikin huɗu na bugun har jita ɗaya ta yi kamar biyu, yana buƙatar milisakan 375. Boss DM-2, wadda ta fito a 1981 kuma masu son analog ke rantsuwa da ita har yau, iyakarta milisakan 300 ne, haka ma Ibanez AD9. Ka ga ke nan tun kafin a soma maganar daɗi, aikin ya fi ƙarfinsu. Boss DD-3 ta dijital da nake takawa, wadda asalinta ya fito a 1986, tana kai 800.

Sannan akwai abin da duk wanda ya yi kiɗan biki ya sani. Da zarar ƙawayen amarya sun shigo fili an fara liƙi, mai kalangu ba ya neman izinin kowa kafin ya ƙara wuta, kuma waƙar da aka soma a natse sai ta koma gudu. A wannan lokaci mutum yana buƙatar fedar da zai taka sau biyu ko uku da ƙafa ta kama sabon saurin, abin da yawancin fedojin dijital na yanzu suke yi. Mai analog na gargajiya sai ya durƙusa a gaban jama'a yana murɗa maɓalli da ƙiyasi, hannu ɗaya riƙe da wuyan jita. Akwai na analog masu wannan takawar, irin Carbon Copy Deluxe, sai dai kuɗinsu ya wuce aljihun yawancinmu.

Malam Rabe: Ni ba makaɗi ba ne, gyaran rediyo da amfilifaya nake yi, don haka bari in bayyana abin da ke cikin akwatin, ku kuma ku yi hukunci da kunnuwanku. Zuciyar fedar analog wata aisi ce, wato ƙaramar ƙwayar lantarki mai ƙafafu, da ake kira BBD (bucket-brigade device), wadda injiniyoyi biyu, Sangster da Teer, suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Philips a 1969. Sunanta ya samo asali ne daga layin masu kashe gobara da ke miƙa bokitin ruwa hannu da hannu. Ku ɗauka magina ne suka jeru daga ƙasa zuwa saman bene suna miƙa kwanon kankare: a cikin aisin akwai ƙananan kondansa dubbai, kowace tana karɓar ɗan gutsuren sautin ta miƙa wa ta gaba, kuma kamar yadda kwano ba ya isa sama ba tare da wani abu ya zube ba, haka sautin ke fitowa da ɗan rauni da ɗan shuu a bayansa.

Shahararriyar cikinsu, MN3005 ta kamfanin Matsushita na Japan, tana da matakai 4,096. Akwai agogo da ke ba da umarnin miƙawa, kuma tsawon jinkirin shi ne adadin matakan a raba da ninki biyu na saurin agogon. In kana son milisakan 300 daga aisi ɗaya, dole agogon ya sauko zuwa kusan bugu 6,800 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ke iya ji kamar kukan gyare, kuma aisin ba za ta iya ɗaukar sautin da ya wuce rabin wannan adadi ba. Saboda haka ake sa rariya kafin ta da bayanta a tace duk sautin da ke sama-sama. Lawali, taushin nan da kake yabo daga wannan rariya yake fitowa, kuma kowace amsa da ta zagayo sai an sake tace ta, shi ya sa ta uku ta fi ta biyu duhu. Waɗanda suka ƙera ta dabarar ɓoye aibi suka yi, makaɗa kuma suka ji aibin ya yi musu daɗi. Don a ƙara tsawo sai a jera aisi biyu, kamar yadda aka yi wa Deluxe Memory Man ta Electro-Harmonix har ta kai milisakan 550, kuma wannan na daga abin da ke sa analog na gaske tsada.

Lawali: Malam, Allah ya ƙara basira, amma a ganina bayaninka ni ya goya wa baya. Ko da gangan aka yi ko bisa larura, kunne dai ya shaida. Yaya Maman Sani kuma ya zaɓi tsofaffin fedoji ne don lissafinsa ya fita, ya bar MXR Carbon Copy da ta fito a 2008 da milisakan 600, wadda ta ishi salon da ya ambata har da rara. Tawa ma an rubuta 600 a kwalinta, kuma jika goma sha biyu kacal ta tsaya mini da kuɗinmu.

Nana Hadiza: Ku yi mini afuwa in sa baki, tunda ni ce nake tsaye a gaban lasifikarku da makirufo a hannu. A wurin waƙoƙin sanyi, irin na kai amarya da ake rerawa a hankali, ina bayan Lawali. Lokacin da Yaya Maman Sani ya buɗe ekonsa, kowace ƙwayar sauti tana dawowa da haskenta kamar yadda ta fita, sai ta faɗo daidai inda nake ƙoƙarin furta kalma, mu riƙa rububin wuri ɗaya. A daren Bagalam kuwa amsar jitar ta kwanta a bayana, na ji ta ba tare da ta tare mini hanya ba.

Sai dai akwai abin da ku duka biyu kuka tsallake. Mu a titi muke kiɗa, ƙarƙashin rumfa, tsakanin katangu biyu da su ma suke mayar da amo, ga mai mikisa ya riga ya cika makirufona da eko tun kafin in iso, domin a wurinsa wannan shi ne gwaninta. Idan jita ta ƙara amsa biyar ko shida a kan wannan, tsohuwar da ke zaune a tabarmar baya ba ta jin komai sai kunu. Da analog ɗin da dijital ɗin, wanda ya rage amsar zuwa ɗaya ko biyu shi ne ya taimake ni.

Malam Rabe: Hadiza ta faɗi abin da ya fi nawa amfani. Amma Lawali, farashin da ka ambata ya tsaya mini a rai. Kasuwa cike take da ƙananan fedoji da aka rubuta musu analog alhali abin da ke cikinsu PT2399 ce, aisi mai ƙafa 16 ta kamfanin Princeton Technology na Taiwan, wadda aka yi domin eko na na'urorin karaoke. Dijital ce, tana mayar da sauti lambobi ta ajiye a ƙwaƙwalwa, sai dai ƙarfinta kaɗan ne, don haka ita ma ana tace mata saman sauti, in an wuce milisakan 340 ko makamancin haka kuma sai ta soma ƙazanta. Ga kunne, wannan yana kama da analog ƙwarai.

Lawali: Malam, tawa ta gaske ce. Idan na murɗa maɓallin lokaci ina cikin kiɗa, sautin yana lanƙwashewa sama da ƙasa kamar kaset da batir ya yi wa rauni, in na ƙure maɓallin maimaici kuma sai ta kama kuka da kanta. An ce mini waɗannan su ne alamomin.

Malam Rabe: Wanda ya ce maka haka rabin karatu ya ba ka. PT2399 ma da saurin agogo ake sauya mata lokaci, saboda haka tana lanƙwasa sauti, kukan kuwa kowace feda za ta yi shi muddin amsar da ake mayarwa ciki ta fi wadda ke fita ƙarfi. Shaida ɗaya ce tabbatacciya, wato a kwance kusoshi huɗu a karanta lambar da ke bayan aisin. In ka ga MN3005 ko MN3205 ko V3205, tare da ƙaramar abokiyar aikinta mai ba da agogo irin MN3101 ko MN3102, to ka yi gaskiya. Kawo ta shago gobe bayan la'asar. Ka zo da adaftar da kake ba ta wuta, domin mafi yawan fedojin nan bolt 9 suke ci kuma tsakiyar fulogin ita ce negatif, ta fiyanon Yamaha da kuke ara a wurin biki kuwa bolt 12 ce mai fozitif a tsakiya. Fedoji uku aka kawo mini a bana da wannan ya ƙone.

Maman Sani: A nan zan ba analog haƙƙinta. Ranar da aka ɗauke wuta aka tayar da injin gidan biki, gurnaninsa yana biyo adafta ya shiga amfilifaya, mafita kuwa ita ce batir. Tawa tana shanye batir kafin a tashi, ƙaramar analog kuma tana daɗewa da shi, in dai mutum ya tuna ya zare wayar jita daga bakinta bayan an gama. Wannan ma ba duka ba ne, tunda Deluxe Memory Man bolt 24 take so, kuma wanda adaftarsa ta ɓata a Maradi zai sha yawo kafin ya sami irinta. Shi ya sa na ce a daina cewa "ta kowace fuska". Mai kiɗan sanyi da amsa gajera ya nemi analog in yana da hali, mai bin kalangun da ba ya tsayawa wuri ɗaya ya nemi wadda ake takawa.

Lawali: Jama'a, na dawo daga shagon Malam Rabe, kuma amana ta sa dole in faɗi abin da aka gani. Ya shimfiɗa tsumma a kan tebur, ya kwance bayan fedar, ya hure ƙurar da ta riga ta shiga cikin mako biyu, ya haska da fitilar wayarsa ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Ƙafa 16 na ƙirga da kaina, kuma PT2399 aka rubuta. Na janye kalmar "ta kowace fuska", na kuma yarda cewa ban taɓa taka analog na gaske ba, ashe dijital nake yabo ina kushe dijital. Abin da ban janye ba shi ne abin da ni da Nana Hadiza muka ji a Bagalam, don haka ranar Asabar mai zuwa a Tibiri da ita zan yi kiɗa, amsa biyu kawai kamar yadda aka nema. Idan akwai mai DM-2 ko Carbon Copy a garin nan, ina roƙon ya kawo ta mu jera su uku, Malam ya riƙa sauyawa a bayan labule, mu ga wanda zai iya bambancewa da kunne.

Malam Rabe: Na amince, amma a yi shi da safe kafin masu walda na kusa da ni su tayar da injinsu. Lawali, ka bar kusa ɗaya da murfin batir a kan teburina, ka aiko yaro ya karɓa kafin tafiyar Tibiri.