Gwiwar Hajiya: allura, wanki ko sauyi?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Hajiyarmu ta haura sittin, gwiwa ta daɗe tana damunta, amma bana abin ya tsananta, daga ɗaki zuwa banɗaki sai da dafa bango. An yi hoto, likita ya ce guringuntsin ta dama ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Yanzu kan gida ya rabu. Yayanmu ya ce a fita da ita Indiya ko Masar a sauya gwiwar da mutum-mutumi. Ƙanwarta ta ce akwai allurar da ake ɗibar jinin mutum a mayar masa a gwiwa. Wani kuma ya ce a yi mata wankin gwiwa da kyamara, wai ba a yanka sosai. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin manya su zo, akwai wani haɗi da ake yi a kyamis, ƙwaya huɗu ko biyar a leda ɗaya. Babanmu in ya sha sai ka ga ya miƙe ya tafi masallaci.

Anti Nas: Ɗan Fagge, don girman Allah ku raba Baba da wannan haɗin. Yawanci diklofenak ne da 'yan uwansa, wani lokaci a cusa sitiroyid a ciki. Ƙafar za ta lafa kam, amma mu muke karɓarsu a gadon asibiti da aman jini, ko ƙoda ta taɓu, ko suga ya haura. Tsoho mai hawan jini ya fi kowa shiga haɗari. Diklofenak na shafawa ya fi sauƙi ga ciki da ƙoda, kuma shi hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya a Ingila ta ce a fara da shi a gwiwa cikin ƙa'idojinta na 2022.

Ɗan Fagge: Subhanallah. Na gode Anti, yau zan karɓe ledar.

Likitan Ƙashi: Salamu alaikum. Hajiya Maman Walida, sannu da jinya. Ban ga Mama ba, ban ga hoton ba, don haka hukunci na wurin wanda ya duba ta. Amma abubuwa ukun nan duk an gwada su, zan faɗa miki abin da aka gani.

Wankin gwiwa ki cire shi daga lissafi. Tun 2002 aka yi gwaji a Houston ta Amurka a kan mutum 180 masu irin wannan ciwo. Wasu aka wanke musu, wasu aka kankare musu, wasu kuwa fata kawai aka ɗan tsaga aka ɗinke ba tare da sun san ba a yi musu komai a ciki ba. Aka bi su shekara biyu, ba wanda ya fi wani samun sauƙi. A 2013 'yan Finland suka yi makamancinsa a kan mutum 146 masu yagewar guringuntsi irin ta shekaru, sakamakon bai sauya ba. Kyamara tana da ranarta, misali matashi ɗan ƙwallo da jijiyar gwiwa ta tsinke, ko gwiwar da ke maƙalewa ta ƙi miƙewa. Ga gwiwar da ta cinye kuwa, asarar kuɗi ce.

Maman Walida: To allurar jinin fa, Likita? Ƙanwar Hajiya ta rantse maƙwabciyarta ta warke.

Likitan Ƙashi: PRP kenan. Ban ƙaryata maƙwabciyar ba, ciwon nan dama yana tashi yana kwanciya, kuma duk abin da aka soka a gwiwa mutum kan ji dama-dama na ɗan lokaci. Shi ya sa ake kwatanta shi da ruwan gishiri. A Ostireliya an raba mutum 288, rabi PRP, rabi ruwan gishiri, allura uku mako-mako, aka buga sakamakon a mujallar JAMA a 2021. Bayan shekara ɗaya ba wani bambancin kirki a zafi, guringuntsin ma bai ƙaru ba. Su ma masu ciwo matsakaici ne, ba masu ƙashi na gogar ƙashi ba. Ni dai ba zan bari uwata ta biya kuɗinta ba.

Allurar sitiroyid kuma tana kwantar da kumburi na 'yan makonni, tana da amfani in akwai biki ko tafiya a gaba. Kada dai ta zama ta kullum. A wani gwaji na 2017 an riƙa yi wa mutane duk wata uku har shekara biyu, guringuntsinsu ya fi na 'yan ruwan gishiri zaizayewa, zafin kuma bai fi raguwa ba.

Abban Sudais: Ni fa ina bayan yayanku. In Allah ya hore, me zai hana a je inda na'ura ce ke aikin? Hannun mutum yana kuskure.

Likitan Ƙashi: Alhaji, na'urar ba ita ke aikin ba. Likita ne ke riƙe da zarton, ita tana taimaka masa da awo, tana hana shi wuce iyakar da aka tsara. Gaskiya ne yankan ya fi fita daidai a hoto. Abin da ba a tabbatar ba har yanzu shi ne mai ita ya fi wanda aka yi wa da hannu sauƙin ciwo ko tafiya. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce gwiwa nawa likitan ke yi a shekara, kuma wa zai duba ta in wurin ya yi ruwa bayan an dawo gida. Ana wannan aikin a Asibitin Ƙashi na Dala, ana yi a Igbobi a Legas. Ban hana fita ba, amma duk mai fita ya samu likitan gida da zai karɓe shi tun kafin ya hau jirgi.

Uwar Biyu: Wannan magana ta ƙarshe ita ce. Mun kai surukata waje, aikin ya yi kyau, ba mu da ƙorafi a kansa. Da muka dawo ne ido ya raina fata. Takardar sallama shafi ɗaya suka ba mu, babu sunan ƙarfen da aka sa, babu tsarin gashin ƙashi. Ta kwanta a gida muna lallaɓa ta, kowa na cewa kada a takura mata, kafin mu farga gwiwar ta sandare, sai da aka sake sa ta barci aka lanƙwasa. Ku karɓo cikakken rahoton tiyata da lambar ƙarfen, ko a ina aka yi.

Mai Gashin Ƙashi: Allah ya saka, Uwar Biyu, kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Tausayin 'ya'ya ya lalata gwiwoyi da yawa. Yanzu ranar da aka yi aikin ko washegari ake tayar da mutum ya taka da ƙarfen dogarawa, kuma makonni shida na farko su ne kasuwar, abin da aka rasa a cikinsu da wuya ya dawo.

Maman Walida, ko za a yi aiki ko ba za a yi ba, Hajiya ta fara motsa cinya daga gobe. Ta zauna a kujera mai tsayi, ta miƙe ƙafar sosai har yatsu su kalli sama, ta ƙirga biyar, ta sauke a hankali. Ki ɗora tafinki a saman gwiwar, za ki ji naman yana ɗaurewa, in bai ɗaure ba ba a yi komai ba. Sai tashi da zama daga kujera ba tare da dafa hannu ba, gwargwadon iko. Sandar kuma a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, wato tunda dama ce ke ciwo, sanda a hagu. Kusan kowa juyawa yake yi.

Hajiya tana da jiki?

Maman Walida: Tana da shi masha Allah.

Mai Gashin Ƙashi: To a nan akwai riba. An auna an ga duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, nauyin da ke kan gwiwa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. A rage lemon kwalba da shayi mai kauri da malmalar dare.

Likitan Ƙashi: Ƙari a kan wannan, a 2024 an gwada allurar rage ƙiba ta semaglutide a kan mutum 407 masu ƙiba da ciwon gwiwa. Cikin mako 68 sun sauke kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsu, zafin ma ya fi raguwa a kan waɗanda ba su samu ba. Tana da tsada, an kuma kama ta jabu a kasuwannin duniya, don haka ba abin saye a intanet ba ce.

Kada kuma a fahimce ni kamar ina gudun sauyin gwiwa. Yana cikin ayyukan da suka fi sauya rayuwar tsoho. A Denmak a 2015 an raba mutum 100 da suka cancanci aikin, rabi aka yi musu tare da motsa jiki, rabi motsa jiki da rage nauyi da magani kawai. Waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun sauƙi, amma su suka fi haɗuwa da matsaloli masu nauyi kamar gudan jini a jijiya da sandarewa. A ɗaya rabin kuma, kusan uku cikin huɗu sun kai shekara ba su nemi wuƙa ba. Ƙarfen yana daɗewa, nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 suna kaiwa shekara 25. Amma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani ciwo bayan aikin, wannan ma a faɗa wa Mama da Hausa, ta ji da kunnenta. In ciwon ya hana ta barci, ya hana ta fita tsakar gida, an kuma yi wata uku ana motsa jiki da gaske ba sauƙi, lokaci ya yi.

Maman Walida: Likita, abin da ita take tambaya ɗaya ne tak. Za ta iya sujada?

Likitan Ƙashi: Gara a faɗa mata gaskiya. Gwiwar ƙarfe yawanci tana lanƙwasuwa digiri 110 zuwa 120, zaman tahiya kuwa yana neman wajen 150. Wasu suna durƙusawa a kan abu mai taushi, da yawa kuma a kujera suke ci gaba da salla. Wanda ya yi muku alkawarin za ta koma zaman tabarma kamar da, ku yi hattara da shi. Banɗakin tsugunno ma a sauya shi kafin ranar aiki.

Malam Na Zaure: Ki kwantar mata da hankali, 'yata. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiya, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Sallarta a kujera cikakkiya ce. In ta fi so, ki haɗa mu a waya in yi mata bayani da kaina.

Anti Nas: In an tsayar da rana, a daidaita suga tukuna, a duba haƙori ko akwai ruɓaɓɓe, a duba ƙafa ko akwai gyambo, don ƙwayar cuta tana son ƙarfe. Bayan aiki kada ta tsallake maganin tsinka jini. In ƙwauri ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti a daren, kada a jira safiya.

Maman Walida: Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabata. Na tura wa yayanmu duka. Malam, zan kira bayan la'asar in sha Allah. Likita, ya ce in tambaya ko a yi hoton MRI kafin mu je Dala?

Likitan Ƙashi: Ku riƙe kuɗinku. Hoton ƙashi na yau da kullum ya isa, amma a ɗauka tana tsaye, nauyinta a kan ƙafar, don a kwance ratar tana ɓoyewa. In gefe ɗaya ne kawai ya cinye, ku tambayi likitan ko sauyin rabin gwiwa zai yi mata. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda, har da na gargajiya.