An canza furosesa a ƙaramar desktop, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin: kowa ya kawo abin da ya gani

maigyara_fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara. Ina so mu tara wuri ɗaya abin da kowa ya gani da idonsa a kan ƙananan kwamfutocin ofis na tokumbo, masu siririn akwati da ake kira SFF: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ƙorafin kusan ɗaya ne kullum. Mutum ya sayi injin da arha, ya cire i3 ko i5, ya ɗora i7, ya danna maɓalli, fanka ta juya, monita kuma ko ƙyaftawa. Wanda ke kan tebur yanzu OptiPlex 9020 SFF ne, an cire i5-4570 an saka i7-4790. Da an mayar da tsohon furosesan yana tashi lafiya lau. Ku kawo samfurin inji, abin da aka saka, da abin da ya warware matsalar. Ban da "jarraba wani bod" (wato motherboard), don Allah.

bios_a_baya

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda tsohon yana tashi, bod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kada ka taɓa komai tukuna. Da 4570 da 4790 duk soket ɗinsu (mazaunin furosesa a bod) LGA1150 ne, amma 4790 na cikin rukunin da Intel ta sake fitarwa a 2014, shi kuwa 9020 ya riga su fitowa. Yawancin waɗannan injinan tun da suka bar ofishin da aka yi amfani da su ba wanda ya sabunta musu BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tada inji, sai bod ya kasa gane abin da aka ɗora masa.

Mayar da 4570, ka danna F2 yayin tashi ka ga lambar BIOS. Ka sauke na ƙarshe daga shafin kamfanin da lambar sabis da ke manne a jikin akwati, ka kunna fayil ɗin daga cikin Windows, ka bar shi ya sake tashi da kansa. Sharaɗi ɗaya: inji ya kasance a kan UPS ko inbata. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta BIOS, ka koma neman mai na'urar rubuta guntun kai tsaye, aikin minti biyar ya zama na kwana biyu. Bayan an gama, cire wayar wuta, cire ƙaramin batirin bod (CR2032), riƙe maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 20, sannan ka saka 4790. Tashin farko yakan ɗan jima, wani lokaci ya kashe kansa ya sake kunnawa. Ba shi minti ɗaya kafin ka yanke masa hukunci.

injiniya_zariya

Wannan daidai ne, amma kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane ba a 1150 yake ba, a 1151 yake. Soket ɗin sunansa ɗaya daga ƙarni na shida har na tara, furosesan zai zauna daram, murfi ya rufe, amma ba zai taɓa tashi ba idan an tsallake iyaka. OptiPlex 7040 mai chipset (babban guntun bod) Q170 ƙarni na shida kawai yake ɗauka, wato i7-6700 ne ƙarshensa. 7050 mai Q270 yana ɗaukar na shida da na bakwai, har i7-7700. Ƙarni na takwas irin i5-8400 ko i5-8500 sai bod mai chipset na 300, kamar 7060 mai Q370. A gefen HP ma haka: EliteDesk 800 G2 na shida, G3 na shida da bakwai, G4 na takwas. A nan sabunta BIOS ba ya magani, domin aikin wasu fil ɗin soket ɗin ne aka canza.

Shi ya sa idan kwastoma ya ce mai kaya ya tabbatar masa "soket ɗaya ne", tambaya ta gaba ita ce wane chipset. Kuma wanda burinsa Windows 11 a hukumance, ya sani ƙarni na takwas ne farkon layi, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, gara a faɗa masa gaskiya kafin ya zuba kuɗi a i7-6700.

mai_mita

Kafin a fara zargin furosesa, a karanta abin da injin yake faɗa. A OptiPlex 7010 da 9020, fitilar maɓallin kunnawa tana ƙyafta ruwan lemo kashi biyu, da ɗan tsayawa a tsakani. Biyu sannan shida, furosesa ne ko yadda aka saka shi. Biyu sannan bakwai, ya ga RAM amma ba ta aiki. Uku sannan uku, bai ga RAM ba kwata-kwata. Sababbin samfura sun canza ma'anar lambobin, don haka a duba littafin samfurin da ke hannu. A HP irin 800 G1, fitila ce ja da ƙara: uku furosesa, huɗu wuta, biyar RAM, shida ɓangaren hoto.

Mafi yawan abin da ke zuwa da sunan "sabon furosesa ya ƙi" yakan fito biyar ɗin nan na HP ne, ko uku da uku na Dell. Hannu ya ture RAM lokacin cire hitsink (ƙarfen sanyaya furosesa), ko an ɗaure hitsink ɗin gefe ɗaya sosai har furosesan ya ɗan karkace. Mai sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, saboda haka fil ɗaya da bai taɓa da kyau ba zai iya kashe gurbin RAM biyu. Ana ɗaure sukurori huɗun ne a giciye, zagaye biyu-biyu, har su tsaya da kansu.

maigyara_fagge

mai_mita, biyu da shida yake bayarwa. Na mayar da 4570, BIOS ɗin kuwa na farko-farko ne. Zan sabunta shi in dawo.

ram_da_ssd

Tunda an taɓo RAM, ga tarkon da ke cikinta. Ku karanta harafin da ke ƙarshen rubutun jikinta. PC3-12800U ita ce ta desktop. Idan R ce a ƙarshe, kamar PC3-10600R, ta saba (server) ce, tana shiga gurbi lafiya amma waɗannan injinan ba sa tashi da ita. Tana da arha ƙwarai, shi ya sa take yawo a kasuwa. Sai kuma OptiPlex 3040 da 5040: furosesan ƙarni na shida ne amma RAM ɗinsu DDR3L ce mai 1.35V, wadda ake rubuta wa PC3L, yayin da 7040 DDR4 yake ci. Mutane da yawa na sayen DDR4 don 3040 saboda sun ga lambobin sun yi kama.

Gwaji: sanda ɗaya tak a gurbin farko (DIMM1), a goge haƙoranta da robar goge fensir, a hure gurbin. Ta tashi, a ƙara ta biyu. 3020 gurbi biyu gare shi, 7020 da 9020 huɗu.

Abu ɗaya da batir ke jawowa: idan an cire CR2032, saitin SATA, wato yadda bod ke magana da hadis ko SSD, na iya komawa na asali. Windows da aka saka a AHCI, idan saitin ya koma RAID, sai ta buɗe da shuɗin sikirin mai cewa ba ta ga faifan tashi ba. Furosesa ba shi da laifi a nan, a shiga F2 a mayar da saitin. Kwanan wata ma a gyara, in ba haka ba burauza za ta ƙi buɗe shafuka.

xeon_araha

Wanda i7-4790 ya yi masa tsada ya duba Xeon E3-1231 v3. Cibiya (core) huɗu, zare (thread) takwas, 80W, soket 1150, aikinsa kusan na i7-4770 ne, kuma yana tashi a bod ɗin Q87. A 7010 kuwa E3-1230 v2 ne takwaran i7-3770.

mai_mita

Oga, ka bar rabin maganar a aljihu. 1231 v3 da 1230 v2 ba su da ɓangaren hoto a cikinsu. Ka saka su, ka jona VGA ko DisplayPort na bayan bod, ba abin da za ka gani har gobe, alhali injin yana aiki. Dole sai da katin hoto. Wanda ba shi da kati ya nemi mai ƙarewa da 5, kamar E3-1245 v3 ko 1245 v2. Duk Intel mai F a ƙarshe ma, irin i5-9400F, ba shi da ɓangaren hoto. Kuma dabarar Xeon ta tsaya a v3 ga waɗannan injinan. E3 v5 yana shiga 1151 amma chipset ɗin saba yake nema, C232 ko C236, ba ya tashi a 7040.

xeon_araha

Na karɓi gyara, Malam. A ƙara da cewa mai K ɓarnar kuɗi ce a nan: 4790K yana cin 88W, chipset ɗin Q kuma ba ya barin a ƙara masa gudu.

wuta_da_fanka

Ni ɓangaren wuta zan yi magana, don shi ne ke kawo matsalar da ba ta fitowa ranar farko. Inji ya tashi, Windows ta buɗe, sai an ɗora masa aiki ya mutu fat kamar an zare waya.

Fawa-fak (akwatin da ke ba inji wuta) na 7010 SFF 240W ne mai fil 24 irin na kowa. Na 9020 SFF 255W ne, amma kansa fil 8 ne na kamfanin, 12V kawai yake bayarwa, wutar hadis da SSD daga jikin bod take fitowa. Na 7040 SFF 180W ne kacal. HP 800 G1 fil 6, Lenovo M93p fil 14. Ma'ana ba a ɗauko fawa-fak na shago a jona kai tsaye, kuma ko an samo wayar canji, babban fawa-fak ba ya shiga siririn akwatin.

A yi lissafi kafin saye. A 9020, i7-4790 84W, GTX 1650 gajere 75W, sauran kaya a ba su kamar 30W: ana ƙasa da 200W, akwai sarari idan fawa-fak ɗin bai gaji ba. A 7040, i7-6700 65W da kati mai 75W da sauran kaya sun kai bakin 180W, ga shi na'urar ta shekara kusan goma tana aiki. Can RX 6400 mai 53W ko GT 1030 mai 30W ya fi hankali. Babu wayar fil 6 ta katin hoto a waɗannan injinan, duk katin da ke neman ta a bar shi a shago.

Yawancin fawa-fak na OptiPlex suna da ɗan maɓalli da koriyar fitila a baya. Danna ka riƙe: fitila ta kama, fanka ta juya, yana da rai. Ta ƙi, zare wayoyinsa daga bod ka sake dannawa. Idan yanzu ta kama, wani abu ne a bod ko faifai ke haɗa wuta, sai a riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya. Tsofaffin da suka zo daga Amurka kuma a duba bayansu, wasu na da jan makunni na 115 da 230. A jona shi a wutarmu yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji da ƙauri.

kati_gajere

Ƙari kan kati. A 9020 da 7040 SFF, gurbin x16, wato babban gurbin katin hoto, shi ne na kusa da fawa-fak, don haka kati mai kaurin gurbi biyu ba ya zama a ciki. Ko a nemi mai kaurin gurbi ɗaya, ko a saka shi a ɗaya gurbin mai layi huɗu a yi asarar ɗan gudu. HP 800 G1 SFF ya fi sakewa ta nan, gurabe huɗu ne a bayansa. A tabbatar gajeren ƙarfen baya yana cikin kwali kafin a biya. GT 1030 iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, sunansu ɗaya, na biyun ya yi ƙasa sosai. Kuma da zarar kati ya shiga, wayar monita ta koma jikin katin. Abin dariya ne, amma yana cikin manyan dalilan baƙin sikirin.

wuta_da_fanka

Na manta zafi. Hitsink ɗin SFF ƙarami ne, daga i3-4130 mai 54W zuwa 84W ba wasa ba ne, balle a watan Afrilu a ɗaki ba iska. A goge tsohon man da sifirit har ƙarfen ya yi ƙyalli, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, kada a shafa shi kamar man shanu. A fitar da ƙurar hunturu daga haƙoran hitsink da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Sannan a buɗe manhajar auna zafi ta HWMonitor a ɗora aiki minti 15. Digiri saba'in da wani abu zuwa 80 ba komai. Ya doshi 95 zuwa 100, furosesan zai rage gudu da kansa, a sake zaunar da hitsink. Inda zafi ya yi yawa, i7-4790S mai 65W ya fi zama lafiya. Fankar 7010 da 9020 fil 5 ce, wanda ya musanya ta da ta kasuwa mai fil 4 ba tare da wayar canji ba zai riƙa ganin gargaɗin fanka yana danna F1 duk tashi.

injiniya_zariya

Idan an yi duk wannan, tsohon furosesan ma ya daina tashi, a haska soket da tocilan waya a karkace. Fil ɗin duk fuska ɗaya suke kallo, wanda ya lanƙwashe zai yi ƙyalli daban. Ɗaya ko biyu ana miƙar da su da bakin allurar sirinji, a hankali, a ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Ya karye, sai canza bod. Furosesa ajiye shi ake yi a soket bisa tsagar gefensa biyu, ba a danna shi, ba a ja shi.

maigyara_fagge

Na dawo. An sabunta BIOS a kan inbata, an cire batir, an saka 4790. Ya kashe kansa sau ɗaya, a na biyu tambari ya fito. Sai shuɗin sikirin, kamar yadda ram_da_ssd ya faɗa, SATA ta koma RAID, na mayar AHCI Windows ta buɗe. Batirin na auna shi 2.6V, na canza. Zafi yana tsayawa a 81 bayan minti 15. Allah ya saka da alheri. Wanda ya gwada kati mai kaurin gurbi ɗaya a ThinkCentre M93p SFF ya faɗa mana wane ne ya shiga ba tare da ya taɓa kejin hadis ba, shi ne na gaba a kan tebur.