Yayana zai nemi ɗan majalisar jiha, ku ba ni shawara

Ɗan Fagge a Jidda:
Salam 'yan uwa. Yayana da ke gida ya kira ni wai mutanen unguwa sun matsa masa ya fito takarar majalisar jiha a 2027, kuma yana so in taimaka da kuɗin fom da na zirga-zirga, ni kuwa riyal ɗin nan da gumi nake tara su a shago, ga kuɗin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, na tafe. Dan Allah kujerar nan tana kai mutum wani wuri kuwa ko asara ce kawai?

Baban Khadija, Makka:
Wa alaikumus salam. Tana kaiwa mana. Fintiri na Adamawa daga majalisar jiha ya faro a 2007 yana wakiltar Madagali, ya zama kakaki, da aka tsige Gwamna Murtala Nyako a 2014 shi ya riƙe jihar na 'yan watanni, 2019 kuma ya ci gwamna. Ko a Faggen ku ai Yusuf Ata daga majalisar Kano ya taso har Tinubu ya ba shi ƙaramin minista a 2024. Amma ƙanena kar ka manta shi Atan abokan aikinsa ne suka tsige shi daga kujerar kakaki a 2018 suka dawo da tsohon kakaki Kabiru Rurum, wato gidan ba wurin barci ba ne.

Hajiya Ta-Madina:
Ɗana fom ai shi ne mai sauƙi, a 2022 APC naira miliyan 2 ta sayar da na majalisar jiha. Abin da ke karya mutum shi ne zaɓen fidda gwani, in gwamna ko uban gidan jam'iyya bai ɗaga hannunsa ba to ko gari duka na son shi a banza. In ma ya ci, kullum da asuba ƙofar gidansa cike, wannan takardar asibiti, wancan suna, wancan kuɗin makaranta, ranar da ya ce babu sai a ce ya canza. Ka tambaye shi wa ke bayansa tukunna, ba su waye ke zuga shi ba.

Ɗan Fagge a Jidda:
Hajiya na gode, wallahi abin da ke cina kenan, don har yanzu bai ambaci wani babba ko ɗaya ba, sai dai "matasa na tare da mu". Daren nan in na rufe shago zan kira shi, kuɗin iƙama dai ba zan taɓa ba.