Wane suna za mu raɗa wa wannan ɗan filogin HDMI?

1/ Jama'a, suna nake nema. Ina da wata 'yar kwamfuta Mac mini a ɗakin aiki, ba allo, ba kibod, daga gida nake shiga cikinta ta AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa. Wata biyu ina fama: hoto ya zo a tsuke, linzami yana jan ƙafa kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Ashe maganin wani ɗan abu ne da bai kai filasha girma ba. Na soka shi a ramin HDMI, inda ake jona wayar allo, hoto ya buɗe tas. Turawa na ce masa dummy plug. Mu fa?

2/ Kafin a kawo suna, a san aikinsa. Kowane allo yana ɗauke da wata 'yar takardar shaida da ake kira EDID, wadda asalinta bayit 128 ce. Da an jona shi sai ya miƙa wa katin hoto, wato sashen kwamfuta mai zana hoton da ke fitowa a allo: sunana kaza, ina ɗaukar 1920x1080, saurina kaza. In kwamfuta ba ta ga wannan shaida ba, sai ta ɗauka ba mai kallo, ta rage girman hoto ko ta bar ka da baƙin allo. Shi wannan filogi ba komai a cikinsa sai ɗan guntun ma'adani mai riƙe da shaidar. Ba ya nuna hoto ko ɗigo. Cewa kawai yake yi "ni allo ne", kwamfuta ta gaskata. A zamanin VGA, tsohon ramin jona allo, ma da hannu ake haɗa shi, da resista uku masu ohm 75.

3/ An fara kawo shawara. Wani ya ce "filogin bogi". Ɗan'uwa, ban yarda ba. Je ka kasuwar Farm Centre ka ce a ba ka filogin bogi, ka ga irin kallon da mai shago zai yi maka. Bogi da jabu kaya ne da aka cuce ka da su. Wannan kuwa da kuɗina na saye shi don ya yi ƙarya, kuma yana yin ta tsakani da Allah.

4/ "Mutum-mutumin allo" ya fi burge ni. Tsuntsu ya hango tsumma a kan sanda a gonar dawa ya zaci mutum ne, haka katin hoto ya ga filogi ya zaci allo ne. Kwatancen ya zauna daram. Matsalar ita ce kalmar ta yi nauyi da kaya: gunki mutum-mutumi, robot mutum-mutumi, har wanda ake rataya wa riga a kanti. Kuma bakin mai gyara ba zai jure tsawonta ba.

5/ Wata baiwar Allah ta ce "allon riƙon ƙwarya". Hajiya, mai riƙon ƙwarya yana yin aikin kujerar kafin mai ita ya zo. Wannan ba ya aikin allo, kuma filogina shekara zai yi a wurin.

6/ "Sojan gona" ya ba ni dariya, ma'anarsa kuma ta dace, amma ƙamshin laifi gare shi. Wani dattijo, malamin Hausa, ya kawo "basaja", wato shigar burtu don a ɗauke ka wani. Allah ya ƙara girma, Malam, ka raba gardama. Filogin basaja. Gajere ne, kuma ya faɗi aikin.

7/ Ita kuma kwamfutar da Turawa ke kira headless, don Allah a bar "mara kai". Mara kai a wurinmu wawa ne. Kwamfuta mara allo ta wadatar.

8/ Ga mai tambaya ko dole ne sai da shi: in Remote Desktop na Windows kake amfani da shi wajen shiga kwamfuta daga nesa, shi yana ƙirƙirar nasa allon, ba ka buƙatar filogin basaja. Masu manhajar Parsec da ire-irenta, da ke ɗaukar hoton abin da katin ya zana, su ne kasuwarsa. Akwai na DisplayPort ma, wato wani irin ramin jona allo, a duba ramin da ke bayan na'ura kafin a saya.